Alif, Tafasawa, Kilorin ko Mataci: Wanne Ya Dace da Ruwan Gidanka?

Da damina ruwan rijiyar gidan gwaggona yakan koma ja kamar an dama jar ƙasa a ciki. Tana da wani dunƙulen alif da take ajiyewa cikin gwangwanin madara a kan taga. Idan an cika bokiti sai ta ɗauko shi, ta tsoma hannu ta zagaya da shi sau uku ko huɗu, ta cire, ta rufe bokitin da faifai. Kafin a idar da sallar la'asar lakar ta kwanta a gindi, na sama ya yi garai-garai, ta tsiyaye shi a randa a hankali. Wata rana na ce mata, "Gwaggo, da kun ƙara da tafasa wanda yaran nan za su sha." Ta ɗago moɗa ta nuna mini, ta ce, "Kai ɗan nan, dubi ruwan fa. Me ya rage a ciki?"

Amsar wannan tambaya ita ce za ta gaya wa mutum hanyar da zai bi wajen gyara ruwan gidansa, domin abin da ke ɓata ruwa kashi uku ne, kuma kowane kashi da maganinsa. Akwai abin da ke yawo a ciki ido yana gani, wato laka da taɓo da ɓurɓushin ganye. Akwai abin da ke da rai ido ba ya gani, ƙwayoyin da ke kawo amai da gudawa, taifot, atini da ciwon shawara. Sai abin da ya narke ya zama ruwa ɗaya da ruwan, kamar yadda gishiri ke ɓacewa a miya: ƙarfe, zartsi, naitiret, fuloraid, dalma. Na sha ganin gidan da ake wahalar tafasa ruwa kullum alhali matsalar rijiyarsu ta kashi na uku ce, da gidan da aka sayi mataci mai tsada alhali kwalbar kilorin ta isa.

Mu fara da alif, tunda shi ne kowa ya sani. Ƙananan ƙwayoyin laka da ke sa ruwa ya yi ja ko ya yi fari-fari suna ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya, don haka suna ture juna, ba sa haɗuwa balle su yi nauyin nutsewa. Shi ya sa ruwan kududdufi zai kwana uku a bokiti bai kwanta ba. Alif yana sakin sinadarin alminiyam mai ɗauke da kishiyar wannan caji, ya kashe turewar, sannan ya zama wani abu mai yauƙi da ke tattara ƙwayoyin su dunƙule kamar gasarar koko, su sauka ƙasa. A kan hanyarsu ta sauka sukan ja ƙwayoyin cuta masu yawa su tafi da su. Masu yawa, amma ba duka ba, kuma waɗanda suka rage suna nan da ransu, alif bai kashe ko ɗaya ba. Ka'idar Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ita ce kada a sami ƙwayar E. coli ko guda a cikin mililita 100 na ruwan sha, kusan rabin kofin shayi ke nan. Ita wannan ƙwaya a hanjin mutum da dabba take zama, ganinta a ruwa shaida ce cewa bayan gida ya sami hanyar shiga.

Alif yana da wani hali da uwargida ta sani ko ba ta san sunansa ba: idan ya yi yawa ruwan yakan yi tsami-tsami, yana kama baki. Dalili shi ne yana cinye ɗan sinadarin kanwa da ke cikin ruwan, ya karkatar da shi ɓangaren tsami. Ƙara alif fiye da kima ba ya ƙara wa ruwa haske, wani lokaci ma sake dagula shi yake yi. Kaɗan ake sawa, a juya da sauri na ɗan lokaci, a juya a hankali, a ƙyale shi ya huta.

'Ya'yan zogale suna yin irin wannan aiki. Matan ƙauyukan bakin kogin Nilu a Sudan sun daɗe suna daka busassun 'ya'yan suna kwantar da ruwa da su, kuma daga baya masu bincike suka gano cewa akwai wani furotin a cikin ƙwayar mai cajin da ke kama laka. Ya fi alif da abu biyu: ba ya sa tsami, kuma a bayan gida yake, ba sai an je kasuwa ba. Inda ya gaza shi ne garin zogale abinci ne, ɗan abin da ya narke ya rage a ruwan yakan ciyar da ƙwayoyin cutar da suka tsira, su hayayyafa. Ruwan zogale na yau ne, ba a ajiye shi zuwa jibi. Idan ina da niyyar sa kilorin daga baya, alif nake zaɓa, domin ragowar zogalen yana cinye kilorin ɗin.

Yanzu ga inda zaɓin yake da nauyi, tsakanin wuta da kilorin.

Tafasawa ba ta barin ƙwayoyin cutar da ake ɗauka ta ruwan sha da rai. Ƙwayar kwalara, ta taifot, ƙwayoyin bairos masu kawo shawara, ƙwan tsutsar ciki, duk zafi yana gamawa da su, ko ruwan mai laka ne ko garai. Ba a buƙatar awo, ba a buƙatar sayen komai sai makamashi. A bar shi ya tafasa sosai yana ɓulɓula na minti ɗaya, shi ke nan. Amma mu yi lissafin gida mai mutum goma da ke shan jarka ɗaya ta lita 25 a rana, wanda a watan Afrilu ma ba za ta kai ba. Ɗaga zafin wannan ruwa daga yadda yake a randa zuwa tafasa zai ci wajen kashi ɗaya cikin uku na kilon gas a kan murhun gida, kusan kilo 10 ke nan a wata, ban da girki. Mai amfani da itace ko gawayi ya san nasa lissafin, ga hayaƙi a ido, ga tukunyar ruwan zafi a tsakar gida inda yara ke guje-guje. Sannan sai an jira ya huce, a garin da mutum ke dawowa daga rana maƙogwaronsa a bushe. Wannan ne ya sa gidaje da dama sukan fara tafasawa lokacin da aka ji annoba ta ɓulla, bayan mako biyu a watsar.

Babban raunin tafasasshen ruwa ma ba tsada ba ne. Da zarar ya huce, ba shi da mai gadi. Ka zuba shi a randa mai faɗin baki, yaro ya dawo daga wasa ya ɗauki moɗar da ta faɗi ƙasa ya tsoma har wuyan hannu, aikin wutar ya tashi a banza. Sau da yawa ruwa yakan fito daga burtsatse da tsabtarsa, a cikin gida yake lalacewa, tsakanin jarka, randa da moɗa.

A nan kilorin ya yi wa wuta fintinkau. Bayan ya kashe abin da ya tarar, ɗan ragowarsa yakan zauna a ruwan yana jiran abin da zai shigo daga baya. Abin da ake so shi ne a sami rabin miligiram a kowace lita bayan minti 30 da sawa, kuma kada ya gaza miligiram 0.2 a lokacin da za a sha. Wannan ɗan warin da mutane ke ƙi, su ce ruwan yana warin asibiti, shi ne alamar mai gadin yana nan. Idan ka sa kilorin, ka jira rabin awa, ka sansana ba ka ji komai ba, dattin ruwan ya cinye shi, sai a ƙara. Ta fuskar kuɗi kuwa babu haɗi, abin da za a kashe a kilorin na wata guda bai kai kuɗin gas na 'yan kwanaki ba.

Sai dai kilorin yana da sharuɗɗa, kuma rashin saninsu ne ke sa wasu su ce sun gwada bai yi ba. Na farko, ba ya son laka. Ƙwayar cuta takan lafe a cikin ɗan dunƙulen taɓo kilorin ya wuce ta, kuma ruɓaɓɓen ganye da sauran datti suna shanye ƙarfinsa kafin ya kai ga aikin da aka sa shi. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya ya sa iyakar dagulewar ruwa a maki 5 na awon da ake kira NTU, ruwan rijiyar da ya yi ja da damina kuwa ya wuce haka nesa. Na biyu ya shafi ma'aunin tsami da kanwa, wato pH. Idan kilorin ya shiga ruwa yakan rabu gida biyu, wani mai kaifi, wani dakusasshe. A pH 6.5 kusan kashi 90 cikin 100 mai kaifin ne. A 7.5 rabi da rabi ne. A 8.5 mai kaifin bai fi kashi 10 ba. Don haka ruwan da ya karkata ɓangaren kanwa yana buƙatar ƙarin lokaci ko ƙarin magani. Ka ga ke nan alif da kilorin abokan tafiya ne: alif ya kwashe laka, ya ɗan sauko da pH, kilorin ya tarar da fili a share. Abin da manyan matatun ruwa irin ta Tamburawa a Kano suke yi ke nan, kwantarwa, tacewa, sannan kilorin. Akwai ma ƙaramin ƙunshi na kamfanin P&G mai nauyin giram 4 da ya haɗa aikin biyu wuri ɗaya don lita 10: a juya minti 5, a bari ya kwanta minti 5, a tace da ƙyalle, a jira minti 20.

Na uku, akwai ƙwayar da kilorin na gida ba ya iya wa, sunanta Cryptosporidium, tana da ɓawo mai tauri, tana sa gudawa mai tsanani ga ƙananan yara da masu raunin garkuwar jiki. A 1993 ta kwantar da mutum wajen 400,000 a birnin Milwaukee na Amurka, ta ruwan famfon da ake sa wa kilorin. Wuta tana kashe ta, mataci mai kyau yana tare ta. Na huɗu, kilorin na ruwa irin WaterGuard yana rasa ƙarfi idan ya daɗe ko ya sha rana a kan tebur ɗin mai shago, don haka a duba kwanan wata. Na ƙwaya irin Aquatabs ya fi jure ajiya, amma girmansa iri-iri ne, wani na lita ɗaya, wani na jarka, dole a karanta abin da aka rubuta a jiki. Bilicin wanki kuwa ƙarfinsa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, wani kuma an haɗa shi da turare ko sabulu, ban ba kowa shawarar ya zuba shi a ruwan sha da ka ba.

Wasu sukan kawo maganar cewa kilorin idan ya haɗu da dattin ganye yana haifar da wasu sinadarai da ake zargi da illa bayan shekaru masu yawa. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ake so a kwantar da ruwa kafin a sa. Amma a ɗora wannan a sikeli ɗaya da shekarar 2021, lokacin da aka ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,500 suka rasu, Bauchi, Jigawa, Kano da Zamfara suna cikin jihohin da abin ya fi shafa. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya matsayinta shi ne kada tsoron waɗancan sinadarai ya sa a sassauta kashe ƙwayoyin cuta.

Ni dai a gida mai yawan jama'a kilorin nake zaɓa don ruwan kowa da kowa, in ware tafasawa ga jariri, mara lafiya da tsoho. Lita biyu ko uku a rana ba za ta gagari kowa ba.

Akwai masu shanya ruwa a rana cikin gorar roba mai haske wadda ba ta wuce lita 2 ba, a kwantar da ita a kan kwanon rufi awa 6, ko kwana biyu idan akwai hadari. Yana aiki, kyauta ne, rana kuma ba mu rasa ta ba. Amma sai ruwan ya zama garai, kuma gora nawa za ka jera wa mutum goma? Ya dace da ɗalibi, mai gadi, ko manomin da ke yini a gona.

Tacewa kuma suna ɗaya ne ya tara abubuwa mabambanta. Ɗankwali ko mayani da aka ninka ba ya tare ƙwayar cuta ita kaɗai, ta fi ramukansa ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Duk da haka kada a raina shi. Kurkunu ta cikin wani ɗan ƙwaron ruwa yake shiga cikin mutum, kuma ƙyallen tacewa yana cikin manyan makaman da suka sauko da Najeriya daga masu cutar sama da 650,000 a ƙarshen shekarun 1980 zuwa babu ko ɗaya, har aka ba ta shaidar rabuwa da shi a 2013, shekarar da Nijar ma ta sami tata. A Bangaladash an gwada tace ruwan kogi da tsohon zane ninki huɗu, kwalara ta ragu da kusan rabi, domin ƙwayar takan manne a jikin ƙananan halittun ruwa da ƙyallen ke tarewa. Ga wanda ba shi da komai sai tafki, wannan mataki ne na farko, ba na ƙarshe ba.

Matacin yumɓu ya fi haka nisa. Tukunya ce da ake haɗa yumɓunta da dusar katako ko ɓuntun shinkafa, idan aka gasa dusar ta ƙone ta bar ƙananan ƙofofi, a shafe ta da ruwan azurfa. A Guwatemala aka ƙirƙiro ta a 1981, kuma ana yin irinta a Tamale ta arewacin Gana. Akwai kuma mai siffar kyandir da ake sawa cikin bokitin ƙarfe mai hawa biyu, wanda aka fi gani a kasuwanninmu. Yana tare laka, ƙwan tsutsa, ƙwayar da ta gagari kilorin da mafi yawan bakteriya, ba ya canja ɗanɗano, ruwan ma yakan fito da ɗan sanyi. Bairos kan wuce ta cikinsa saboda ƙanƙanta. Tukunyar tana ɗiga ne a hankali, lita 1 zuwa 3 a awa, kuma tsaga ɗaya da ido bai gani ba ta isa ta mayar da ita kwalliya. Idan ka ga matacinka ya fara zuba da sauri ba tare da ka wanke shi ba, ka zarge shi. Matacin yashi da ake ginawa da siminti ko a durom ya fi sauri, ya fi ƙarko, sai dai ƙarfinsa yana cikin wani yauƙi mai rai da ke tsirowa a saman yashin, wanda yakan ɗauki kusan wata guda kafin ya nuna, kuma ba ya son a bar shi ya bushe.

Duk abin da na lissafa zuwa yanzu, babu wanda aka yi shi don kashi na uku, abin da ya narke. Nan ne zuciyata ta fi tsayawa, domin nan ne ido da harshe suke yaudarar mutum ta fuska biyu.

Akwai abin da ke tayar da hankali alhali illarsa kaɗan ce. Ruwan burtsatse ya fito fari tas, ka bar shi a bokiti awa biyu ka dawo ka tarar ya yi ja-ja, yana ƙarnin tsatsa, yana ɓata farar shadda da tayil ɗin banɗaki. Ƙarfe ne da ke narke a ƙarƙashin ƙasa inda babu iska, da ya sha iska ya zama tsatsa. Daga miligiram 0.3 a lita yake fara damun mutane, amma damuwar ta wanki da ɗanɗano ce. Maganinsa a bar ruwan ya zubo daga sama yana watsuwa ya sha iska, ya kwanta, a tace da yashi. Haka ruwan da sabulu ba ya kumfa a cikinsa, mai barin farin ɓawo a gindin buta: sinadaran farar ƙasa ne, suna cin sabulu, ba sa cin mutum.

Akwai kuma wanda ba shi da launi, ba wari, ba ɗanɗano. A garin Tibiri kusa da Maraɗi an haƙa rijiyar burtsatse mai zurfi a tsakiyar shekarun 1980, ruwa mai kyan gani, jama'a suka yi murna. Shekaru suka wuce kafin a gane cewa fuloraid ɗin da ke ciki ya ninka iyakar miligiram 1.5 a lita fiye da sau uku. Kafin nan ɗaruruwan yara sun tashi da lanƙwasassun ƙafafu da naƙasar ƙashi, wasu da dama haƙoransu sun rine. Daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, ba wanda ya zuba shi. A Najeriya an san yankunan Kaltungo a Gombe da Langtang a Filato da wannan matsala. Idan ka shiga gari ka ga yaran da aka haifa a nan haƙoransu da ɗigo-ɗigon fari kamar alli ko ja kamar na mai cin goro, alhali baƙin da suka zo da girmansu nasu lafiya lau, ka tambayi ruwan da suke sha kafin ka haƙa naka.

Naitiret ya fi kusa da yawancinmu. Daga masai, sokawe, turken dabbobi da takin zamani yake tsatsafowa, ƙasa kuma ba ta riƙe shi kamar yadda take riƙe ƙwayoyin cuta. A tsofaffin unguwanni inda gida ke manne da gida, rijiyar wannan tana kallon masan wancan ta bayan katanga, nisan mita 30 da ake so a bari tsakaninsu ba ya samuwa. Iyakarsa miligiram 50 a lita, kuma an sa ta ne saboda jarirai 'yan ƙasa da wata shida da ake dama wa madarar gwangwani. A cikinsu yakan rikiɗe ya hana jini ɗaukar iska, leɓe da farce su yi shuɗi-shuɗi, numfashi ya yi wuya. Abin da ke ba ni tsoro shi ne uwa mai kula ita ce za ta tafasa ruwan rijiyar ta daɗe tana tafasawa don jaririnta, ruwa ya tafi a tururi, naitiret ya zauna, abin da ya rage ya fi na farko kauri. Haka fuloraid, haka dalma. Wannan yana cikin dalilan da suka sa shayar da nono zalla a wata shidan farko yake kare jariri ta hanyar da ba a cika faɗa ba.

Dalma kuwa Zamfara ta koya mana a 2010, lokacin da yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Ƙura da ƙasar tsakar gida ne suka fi kai gubar cikin yaran, amma kududdufan da ake wanke duwatsun da buɗaɗɗun rijiyoyin da ƙurar ke faɗawa ba su tsira ba. Iyakar dalma a ruwan sha miligiram 0.01 ce a lita, ƙanƙantar da babu harshen da zai ji. Wanda ke zaune kusa da inda majemun Challawa, Sharaɗa ko Bompai ke sakin dagwalonsu, ko a gefen rafin Jakara da Getsi, shi kuma kuromiyam ɗin jima ne abin da zai sa a duba masa.

Me ke cire waɗannan? A gida, abin dogaro shi ne na'urar da ke matsa ruwa da ƙarfi ta cikin wata fata mai matuƙar ƙanƙantar ƙofofi, wadda masu sayarwa ke kira RO. Tana rage naitiret, fuloraid, dalma da zartsi sosai. Tana da tsada, tana son wuta ko matsin ruwa, tana zubar da ruwa mai yawa a gefe, kuma idan ba a canja kayan cikinta a kan lokaci ta zama ado. Matacin gawayi da ake ɗaurawa a bakin famfo yana gyara wari da ɗanɗano, amma ba ya taɓa naitiret ko fuloraid. Gawayin ƙashi yana kama fuloraid, alif mai yawa haɗe da farar ƙasa ma yana rage shi, sai dai duka biyun suna buƙatar mai awo a kusa, ba aikin ƙiyasi ba ne. Sau da yawa abin da ya fi sauƙi shi ne a canja inda ake ɗebo na sha da na girki, a bar wancan ga wanki da wanka. Ruwan sama da aka tara bayan an bar na farko ya wanke rufi ba ya ɗauke da fuloraid ko naitiret na a zo a gani, kilorin kaɗan ya ishe shi.

A yi hattara da masu tallan na'ura gida-gida. Na ga wani ya tsoma wasu sandunan ƙarfe masu haɗe da wuta a kofin ruwan mai gida, cikin minti biyu ruwan ya koma ja da baƙi-baƙi, ya tsoma a nasa ruwan bai canja ba, matan gidan suka riƙe baki. Abin da ya rina ruwan daga jikin sandar ƙarfen ya fito, wutar ce ta narkar da ita, kuma kowane ruwa mai ɗan gishirin ƙasa zai yi haka, har ruwan gora mafi tsada. Ɗan alƙalamin da suke tsomawa ya nuna lamba shi ma jimillar abin da ya narke kawai yake aunawa. Ba ya ganin ƙwayar kwalara, ba ya bambanta farar ƙasa da dalma. Ruwa mai lamba 40 yana iya kwantar da mutanen gida da ciwo, mai lamba 400 ya zama lafiya lau.

To, wa zai ɗauki wanne? Mai sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa yawanci na burtsatse ake kawo masa, garai ne, haɗarin yana cikin jarkokin da cikinsu ya yi kore da hannayen da suka bi: kilorin kai tsaye, ba ya buƙatar alif. Mai ruwan famfo da ke zuwa yana ɗaukewa shi ma haka, domin idan bututu ya zama fanko yakan zuƙo ruwan kwata ta inda ya tsage, don haka na farkon zuwa a ba wa wanki. Mai rijiya ko rafi da damina: alif, tsiyayewa, sannan kilorin, ko matacin yumɓu sannan kilorin idan da hali. Mai dogara da fiya wata ya duba lambar NAFDAC, ya guji wanda ya daɗe a rana ko yake da ɗanɗanon leda, ya kuma wanke bayan ledar tunda da haƙori ake ɓula ta. Kowanne daga cikinsu ya nemi mazubi mai ƙaramin baki ko bokiti mai famfo, in kuwa randa ce ba za a rabu da ita ba saboda sanyinta, a samo moɗa mai dogon hannu a rataye ta a ƙusa.

Wanda ya haƙa sabuwar rijiya ko burtsatse, ko yake da jariri a gida mai rijiya kusa da masai, shi gwaji ya kama shi kafin ya sayi komai. Cewar mai haƙa "ruwa mai daɗi ne, Alhaji" ba sakamako ba ne. Sassan kimiyya na jami'o'i, hukumomin RUWASSA na jihohi masu kula da ruwan sha da tsabta a karkara da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna wurare ne da za a fara tambaya. A nemi su ba da tasu kwalbar, a ɗebi ruwan da damina lokacin da ya fi lalacewa, a sa shi a kula mai ƙanƙara, a kai cikin 'yan awoyi, domin ƙwayoyin cuta suna ƙaruwa ko raguwa a hanya. A ce a duba E. coli, naitiret, fuloraid, ƙarfe, pH da dagulewa, a ƙara dalma a yankin haƙar ma'adinai, kuromiyam a kusa da majema. Fuloraid ba ya saurin canjawa, gwaji ɗaya yakan daɗe yana amfani. E. coli da naitiret kuwa suna bin damina da sabon masan da maƙwabci ya haƙa, sai an riƙa maimaitawa.

A gidan gwaggo alif yana nan a gwangwaninsa, an ƙara masa kwalbar kilorin a gefe, yaran kuma sun saba da warin cikin mako guda. Na auna tsakanin rijiyarta da masan gidan baya, taku goma sha biyu na samu. Saboda haka ruwan da ake ba jaririyar gidan daga burtsatsen masallacin unguwa ake ɗebo shi, a tafasa, har sai an kai na rijiyar gwaji a watan Agusta.